Baƙar Ledar Malam Lawan

Shekara talatin da huɗu Malam Istifanus ya yi a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma da wuya a samu safiyar da wani bai tambaye shi wa ya koro shi ba.

Mutumin ƙasar Fankshin ne, can Filato. Makarantarsu ta firamare tana bayan duwatsu biyu, yaron da bai ruga ba sai ya tarar an kaɗa ƙararrawa. Da gudu ya tashi, da gudu ya ciwo wa makarantarsu kofi, har ya zama malamin wasanni. A garinsu tsoho zai hau dutse da sassarfa, babu mai ɗaga kai ya dube shi. Wanda ake yi wa kallon banza shi ne ƙaton da hantsi ya same shi a gindin bishiya yana karta.

Sai aiki ya kawo shi wata sakandare a Tarauni. Mu kuwa nan, Allah ya sani, muna son wasa. Ga dambe, ga langa, ga ƙwallo a kowane fili. Amma duk na samari ne. Da zarar mutum ya ajiye iyali, gemu ya soma furfura, to wasansa ya koma baki. Ya samu benci ya baje, ya yi ta musun ƙwallon Turai, in ya tashi kuma ya taka ƙasa a hankali kamar mai ƙwai a aljihu. Babban mutum ba ya gudu sai in gobara ce, ko kuma ya ɗauki abin wani.

Istifanus bai san haka ba. A makonsa na farko ya fita da sassafe, bai kai Ƙauyen Alu ba aka yi masa ihun ɓarawo. Allah ya taimake shi uban wani ɗalibinsa ya gane shi. A ranar nan matarsa Rifkatu ta sayo yadi rawaya shar, ta kai wa telan da ke maƙwabtaka da su, ta ce ya ɗinka wa maigidanta rigar da babu ɓarawon da zai yarda ya sa. Telan ya yi dariya har da hawaye. Shi ne Malam Lawan, kuma daga nan abotarsu ta soma.

Riga rawaya tara Malam Lawan ya ɗinka masa a tsawon shekarun nan. Mutum ne mai sanyin hali, mai kunya kamar sabon suruki. Tun safe yake hawa keken ɗinkinsa, ƙafarsa ta dama na takawa, sai sallah kaɗai ke tayar da shi. Bai taɓa tambayar Istifanus wa ya koro shi ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, “Malam, an dawo lafiya?”

Bayan Istifanus ya yi ritaya, wata rana Mufida, 'yar Malam Lawan da ke aikin jinya, ta shigo gidansa ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce, “Baba, ciwon suga ne ya kama Babanmu. Likita ya ce magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, sai ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. Na yi magana har na gaji. Kai ne yake jin nauyinka.”

Istifanus ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Ya je shago ya ce gobe su fita tare.

Malam Lawan ya tsayar da keke ya ce, “Malam, ni da jikoki shida, in fita ina zagaye gari babu inda za ni? In an tambaye ni me zan ce?”

“Ka ce lafiyarka kake nema.”

“Wannan ba amsa ba ce a nan. Kai baƙo ne, an saba da kai. Ni a unguwar nan aka yanke min cibiya.”

Istifanus ya dube shi. Shekara talatin, ashe har yanzu baƙo ne, kuma ashe abin da ya sa aka ƙyale shi ke nan. Ya haɗiye maganar, don ba ta kansa ya zo ba.

Malam Lawan ne da kansa ya samo dabara. Ya ɗauki baƙar leda, ya cika ta da ƙyallayen da ke zube a ƙarƙashin keke, ya ƙulle bakinta. Kullum in an idar da sallar asuba sai ya rungumo ta ya kama hanyar Darmanawa da sauri, kamar telan da zai kai ɗinkin biki. Mutum da kaya a hannu ai aike yake, babu mai cewa komai. Istifanus yakan wuce shi a guje kamar bai san shi ba, sai can bayan sun fita daga idon unguwa ya tsaya ya jira shi, su jera. Abin yana ba shi haushi, a ce dattijo sai ya yi ƙarya kafin ya nemi lafiyarsa. Amma dabarar ta yi aiki. Cikin wata biyar tumbi ya faɗa, suga ya sauka, Mufida ta zo har gida tana godiya.

A bakin layinsu akwai teburin mai shayi, nan ne majalisar safe. Shugabanta, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, shi ne Ɗahiru dillalin filaye. Shi ne ya fi kowa tambayar Istifanus wa ya koro shi, kuma kullum sai ya yi dariya kamar ranar ya ƙirƙiro maganar. Yakan sa a zuba masa suga cokali biyar, ya tsoma burodi har ya jiƙe, ya yi ta magana bakinsa cike, ɓarɓashi na faɗowa a gaban rigarsa. Istifanus ya daɗe da daina kallon wajen.

Wata safiyar Talata suna dawowa, Istifanus na can baya yana ɗaure igiyar takalmi, Ɗahiru ya tare Malam Lawan. Ya ce, “Malam Lawan, wannan wane irin ɗinki ne, kullum a tafi da shi kullum a dawo da shi? Ko mai kayan ne ba ya gida?”

Kafin Malam Lawan ya buɗe baki, Ɗahiru ya fizge ledar, da sunan wasa. Ta yage. Ƙyallaye suka watse a ƙasa, ja da kore da shuɗi, wasu suka faɗa kwata.

Majalisa ta fashe da dariya. Wani har ya ƙware da shayi. Ɗahiru ya ce, “Ashe tsere kake koyo. To Malam, ka ɗinka wa kanka rawayar mana, har da gajeren wando. Taka keken bai ishe ka motsa jiki ba?”

Malam Lawan ya dubi ƙyallayen. Ya sunkuya, dattijo mai shekara sittin da biyu, yana tsince tsummoki a gaban mutanen da wasunsu shi ya ɗinka musu kayan suna. Babu wanda ya tashi ya taya shi. Istifanus ya iso ya durƙusa yana tayawa. Bai taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba.

Kafin azahar suna ya bi gari: Alhaji Leda. Daga ranar Malam Lawan bai sake fita ba. Istifanus ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce su sauya hanya, ya ce su hau adaidaita su je inda ba a san su ba. Amsar ɗaya ce: “Malam, bar shi kawai. Na gode.”

Bayan shekara guda da 'yan watanni wani ɗan ciwo ya fito wa Malam Lawan a babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Aka yi ta fama, daga ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ta dama ce, wadda yake taka keke da ita. 'Yan majalisa suka je dubiya asibiti da ledar lemo, suka ce haka Allah ya ƙaddara. Istifanus bai musa ba. Likita ma bai ce rashin tafiyar ne kaɗai ba. Amma Istifanus yana wajen ranar Talatar nan, kuma ya fita daga ɗakin don kada ya faɗi abin da ke bakinsa.

Yanzu kuma zamani ya juya. Motsa jiki ya zama abin yayi, manya na fita ranar Asabar da fararen takalma ana ɗaukar su hoto a waya. Ɗahiru, da hawan jini ya taɓa shi, ya kafa ƙungiya, suka yi anko. Ya zo har ƙofar gidan Istifanus ya ce, “Malam, kai ne tsohon hannu, ka zama kocinmu. Mutanenmu ba su waye ba, sai an wayar musu da kai.” Ko kunya babu a fuskarsa, don ya ma manta. Istifanus ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce ba shi da lokaci, ya rufe ƙofa.

Kuma da gaske ba shi da lokacin. Mufida ta samo wa mahaifinta keken guragu, likita ya ce zaman ɗaki zai ƙarasa shi. Saboda haka Istifanus ya daina gudu. Mutumin da bai iya tafiya a hankali ba tun yana yaro, yanzu kullum bayan asuba yana ƙofar gidan Malam Lawan da rigarsa rawaya ta tara, wadda ba za a yi ta goma ba.

Ranar farko ya kama keken zai tura, sai Malam Lawan ya ɗaga hannu.

“Malam, dakata. Mufida, miƙo min ledar can.”

Ta kawo. Sabuwa ce, baƙa, an cika ta da ƙyallaye an ƙulle bakinta. Ya ɗora ta a cinyarsa, daidai inda zanen da aka rufa masa a ƙafa ya lotsa, ya rungume ta da hannu biyu.

Ya ce, “To mu je. Kada a ce yawo muke.”