Ranar da na kai 'yar jarida garinmu

Shekarun baya, lokacin babban farin nan, ina koyarwa a Buza, sai wata Baturiya mai aiko wa talabijin ɗin ƙasarsu labarai ta iso da mai ɗaukar hotonta. Tana neman mai jin Faransanci, aka haɗa ta da ni. Kowa ya san duk garin da aka nuna yunwarsa, motocin taimako kan bi baya. Na ce mata mu je garinmu, wajen Keita, inda anza ce kawai abincin mutane, wasu 'ya'yan itace masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin a ci.

Da yake ni mai wayo ne, sai na aika gida cewa baƙi na tafe.

Muka tarar an share gari tas. Mahaifina ya sa rigar Salla, an yanka akuyarmu ta ƙarshe, mahaifiyata ta ɓoye tukunyar anza bayan ɗaki. Baturiyar ta tambayi yadda damina ta yi.

"Mun gode Allah, lahiya lau muke," in ji mahaifina.

Na raɗa masa, "Baba, buɗe mata rumbu ta ga babu komi."

Ya harare ni. "Gaban baƙuwa? Wanga ne anka koya maka a lakkwal, makarantar taku ta boko?"

Na yi mata bayani iya ƙoƙarina. Ta ce ta yarda, amma ba za ta nuna wa duniya abin da ba ta gani ba. Suka ci nama, suka yi godiya, muka wuce garin gaba, inda babu wanda ya aika musu saƙo. Can motocin hatsi suka tsaya. Mu kuwa rabin gidanmu suka tafi Najeriya cin rani, wasu ba su dawo ba.

Bayan 'yan shekaru Baturiyar ta zama mai karanta labarai. Wata rana a Madawa, gidan abokina, aka nuno ta a talabijin, mahaifina yana zaune. Ya miƙe tsaye.

"Kun ga waccan? Shekarar yunwa, gidana ta ci ta ƙoshi."

Na daɗe ina jin haushinsa, yanzu na daina. Ya yi abin da ya sani ne, ita ma haka. Ni ne na san su duka biyu, kuma ni na aika saƙon.