Luguden Inna a Jikin Katakon Baffa

Na manta abubuwa da yawa da suka same ni a sana'ar nan, amma makon da injina ya ɓata katakon Baffa yana nan a raina, kuma ba na jin zai fita.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon sana'a ba, na dawo ƙauyenmu a wajen Ɗanbatta. Da hannuna na haɗa injin sassaƙa: ƙarafan tsohon gado da na yi wa walda, ƙananan motocin lantarki uku masu juya inji da na tsinto wurin 'yan gwangwan, sai wata tsohuwar kwamfuta. Ka zana abu a kwamfutar, haƙorin injin ya bi katako ya fitar da shi. Na girke shi a shagon da ke jikin gidanmu, ina ta jin kaina.

Baffa, yayan mahaifina, shi ke riƙe da makarantar da kakanmu ya kafa. Ya kawo mini katakon maɗaci, ragowar ƙyauren zauren kakan, ya ce in sassaƙa sunan makarantar da ajami a kafa a ƙofa. Ya gaya mini babu wani irinsa, na ce ya kwantar da hankalinsa.

Da hantsi, da sola ta kawo wuta, na kunna. Layin farko ya fita sumul. A na biyu haruffa suka fara karkarwa, gefensu kamar ɓera ya gaigaya. Kafin in kashe injin, fuskar katakon ta tashi daga aiki. Bayansa kaɗai ya rage mini.

Kwana huɗu ina kwance injin ina ɗaurawa. Na ɗaure notuna, na canza boris ɗin da ƙarafan ke juyawa a kai, na ja bel, na rage gudu, na sa sabon haƙori. In gwada a guntun katako da rana tsaka ya fita lafiya, in ce na gano bakin zaren, washegari da safe a koma gidan jiya. Ban taɓa tambayar kaina me ya raba safe da rana ba. A karatuna, ciwon inji a cikin inji yake.

Rana ta biyar Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce furata na jira. Ta ga katakon a jingine, ta tsuguna tana bin tabon da yatsa.

"Wannan ai namu ne," in ji ta.

Na tambaye ta me take nufi.

"Duba, uku-uku yake tafiya. Ni ce da matan yayyenka biyu. Nan da ya yi sumul kuma, lokacin mun tsaya bakace."

Saura kaɗan in yi dariya, amma na zagaya cikin gida. Turminsu na jikin bangon da injina ke jingine da shi, kuma siminti ɗaya aka zuba daga shagon har tsakar gida. Na roƙe su suka ɗan yi lugude, na koma na ɗora tafin hannu a teburin injin. Kowane saukar taɓarya sai da na ji shi.

Na nemi su bar daka washegari da safe. Inna ta ce gida guda ba zai wuni da yunwa saboda katako ba, amma ta ba ni daga azahar zuwa la'asar. A wannan tsakanin na sassaƙa bayan katakon, ya fita tas. Daga baya na fasa simintin, na yi wa injin gindinsa daban a kan yashi.

Da Baffa ya zo, ya karanta rubutun, sannan ya juya katakon. Ya daɗe yana kallon wajen da ya lalace, fuskar da mahaifinsa ya yi shekaru yana turawa da hannu. Ya ce Allah ya yi albarka, ya saɓa ya tafi. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Tun daga ranar, kafin in kwance noti ko ɗaya, sai na fita na tambayi mutanen da ke kewaye da ni me suke yi a wannan lokacin, musamman waɗanda nake ganin ba ruwansu da inji.