Bibi Luludi da Kaset ɗin Kako Ilarie

Muryar mamaci ta wa ce, ta 'ya'yansa ko ta jama'ar da ya fito cikinta? Na daɗe ina jujjuya wannan tambaya a maƙerata, har yau ban samu amsa ba. Bibi Luludi, wato Goggo Luludi a harshenmu, ita ce ta jefa ni cikinta.

Kullum da sassafe za ka gan ta da rikoda a jaka, tana ratsa layinmu na maƙeran tagulla zuwa ɗan gidan rediyon da ke saman shagon burodi. A da, jaridun birninmu Krayova ba sa tunawa da mu 'yan ƙabilar Roma sai an yi sata. Ita ta fara karanta labarai da harshenmu: wa ya haihu, 'yar wa ta gama makaranta, yaushe za a ɗauke ruwa. Maza suka yi ta tsokana.

"Bibi, surutun naki har da eriya yanzu?"

"Naku ai ba ya buƙata, har babban birni Bukares ana ji."

Bayan shiri sai ta bi tsofaffi gida-gida. Kako Ilarie, wato Kawu Ilarie, ya ba ta labarin yadda aka kore su, su Roma, zuwa bakin kogin Bug lokacin yaƙin duniya na biyu, yana yaro, da yadda ya dawo a ƙafa, ba uwa ba ƙanne. A unguwarmu shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka je. Ta ɗauki hirar a kaset, amma kafin a sa ta a rediyo ya rasu.

A wurinmu ba a riƙe kayan mamaci, ƙonawa ake yi don ya samu ya tafi. Ina zaune a ofishinta, na kawo butar kofi da na gyara, sai Dorel, ɗan Kako Ilarie, ya shigo.

"Bibi, kaset ɗin baba."

"Zauna, ɗana. Wannan ba hula ba ce. In ya ƙone, wa zai gaya wa jikoki?"

"So kike ya yi ta yawo a iska, yana shiga gidajen mutane?"

"To kai ka ba da labarin. Ka fi kaset saninsa."

"Da bakina? Har abada."

Ta miƙa masa. Da ya fita na ce, "Kin dai kwafa?"

Ta harare ni. "In na yi wa mutanena sata sau ɗaya, wa zai sake buɗe min baki?"

Har gobe wani lokaci nakan ga asara aka yi. Amma na shaida cewa daga ranar tsofaffin da ke rufe mata ƙofa suka fara aiko a kira ta.

Bibi Luludi, ke ce kunnen unguwa, mai riƙon amanar baki. Yanzu da kika ajiye aiki, mun gode. Yaran da kika koya wa riƙe makirufo, ku koyi sakinsa ma daga gare ta.

Ranar shirinta na ƙarshe mun cika ɗakin, mata sun kawo kabeji naɗe da nama. Sai ga Dorel, kansa ya yi furfura, hula a hannu. Ya ja kujera.

"A nan ake magana?"

"Nan. Kada dai ka cinye shi."

Ya daɗe yana murza hular. Bai ambaci suna ba. Ya ce, "Akwai wani yaro da aka kora zuwa Bug."