Sallamar Baffa a bakin ƙofar gilashi

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar tashar Paraku. Mu uku ne, dukanmu masu zanen gine-gine, kuma Kwatano muka nufa don ganin wani sabon ginin gwamnatin ƙasa da aka yi ba katanga, ba ƙyauren ƙarfe, ba mai bindiga a baki. Nufin waɗanda suka zana shi shi ne talaka ya daina tsoron ofis, ya shigo kansa tsaye. An ce mu je mu gani da idonmu, domin ana so mu zana ƙaramin irinsa a arewa. Ni kuwa tun a hoto ginin ya sace mini zuciya, na yi ta yabonsa har abokan tafiyata suka fara yin barcin ƙarya.

Hanyar ba laifi, sai dai direbanmu irin mutanen nan ne da ke ganin birki ado ne kawai. Hantsi ya same mu wajen duwatsun Sabe. Muka ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cuku a wata rumfa, mai abincin tana zuba mana tana faɗan tsadar doya kamar mu muka ƙara mata kuɗi. A Dasa mata suka kewaye motar da ƙullin garin rogo, kowacce na rantsuwa nata ya fi. A Bohikon wani fasinja ya sayi daddawa, daga nan babu wanda ya sake rufe taga. Abarbar Alada ce kaɗai abin da na samu da araha, na sayi ɗauri guda don tsaraba.

Da la'asar muka shiga Kwatano ta unguwar Bedoko, cikin tururuwar 'yan zem, wato masu acaɓa da rigunansu ruwan ɗorawa. Abokaina suka wuce otal a Kajehun kusa da filin jirgi. Ni na hau zem zuwa Zango, gidan Baffa, yayan mahaifina, domin in na kwana otal a garin da yake, magana ce da ba za ta mutu ba.

Zango tana nan yadda na san ta: manyan motoci ana lodi, hayaƙin tsire, masu canji a bakin titi, kiran salla daga nan ya haɗu da na can. Baffa dillalin shanu ne, a nan ya tsufa. Gidansa bai kai rabin namu girma ba, amma zaurensa ba ya rabo da mutane. Kafin baƙo ya rufe baki da sallama, an amsa masa daga wuri biyu ko uku.

A wannan zauren na ji damuwarsa. 'Ya'yansa sun haɗu sun biya masa kujerar Makka, amma ba fasfo sai da sabon katin ɗan ƙasa, katin kuwa sai mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Masu shirya tafiyar sun ce a makon nan za su rufe karɓar takardu. Baffa duk rayuwarsa aike yake yi ofis, bai taɓa zuwa ba. Ya ce shi da zai iya tsayawa gaban bijimi mai faɗa, gabansa faɗuwa yake yi in ya ga biro, wato ofishin hukuma.

Sai ga shi a ginin da muka zo gani ake yin katin. Nan fa bakina ya buɗe. Na ce masa wannan ba irin biron da ya sani ba ne, don irinsa aka gina shi, ko ƙofar ma da kanta take buɗe wa mutum. Na ce ya zo da hantsi, zai same ni a ciki. Ba zan ɓoye ba, har da wani lissafi a raina: ina so abokaina su ga tsoho ɗan Zango ya shigo da ƙafarsa, in ce musu kun gani.

Washegari muka je. Ginin ya yi kyau, wannan ba gardama. Fili ne shimfiɗaɗɗe daga titi har bakin ƙofa, da itatuwa da bencina. Bangon gaba duk gilashi ne, kana waje kana ganin ma'aikata a teburansu. Babu matakala, ƙasan ciki da na waje daidai suke, wai don kada kowa ya ji yana hawa zuwa wurin gwamnati. Rufin ya yi sama sosai, iska na shiga ta ko'ina. Maimakon mai gadi, allon lantarki ne ke nuna lamba da inda za ka nufa. Wata babbar jami'a ta zagaya da mu, ana cikin haka muka tsaya tsakiyar babban falon ginin, ta nemi jin ra'ayina. Na gyara tsayuwa, na fara zuba Faransanci.

Ina cikin bayani na hango Baffa ta gilashi. Ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, sandarsa a hannu. Ya iso ƙofar, ta buɗe. Bai shigo ba. Ya tsaya daidai bakinta, ya ɗaga murya yadda ake yi a ƙofar kowane gida mai mutunci.

"Salamu alaikum!"

Dogon rufin nan da na gama yabo ya ɗauki muryar ya watsa ta ko'ina. Mutane suka waiga. Ma'aikatan yawancinsu ba su san abin da yake jira ba, wata ta yi masa alama da hannu ya shigo, wani ya yi murmushi. Ƙofar kuma, da ta ga bai motsa ba, ta fara rufuwa a fuskarsa, ya ɗan gusa, ta sake buɗewa.

Ni na san abin da yake jira. Kalma biyu ce, tun ina yaro nake faɗinta ba tare da tunani ba. Amma jami'ar tana kallona, ina tsakiyar wata jimla mai daɗi a kan kusantar da hukuma ga jama'a, sai na ce a raina bari in ƙarasa. Ya sake sallama. Na ƙara sauri, bakina bai daina Faransanci ba. Ya yi ta uku, a hankali wannan karon. Da na kai aya na juya, sai bayansa na gani yana tsallaka filin nan mai itatuwa. Kafin in fito ya hau zem.

Sauran zagayen ban san me aka ce ba. Abokaina kuwa sun gane abin da ya faru.

Da na koma Zango na tarar da shi a zaure yana sauraron rediyo, ya cire rawanin ya ninke. Inna, matarsa, ta kawo tuwo, muka ci kwano ɗaya kamar kullum. Ni dai na kasa haƙuri. Na shiga ɗora wa ginin laifi: an manta da zaure, an manta da mai tarbar baƙo, an sa na'ura inda ya kamata a sa mutum. Duk gaskiya ne, kuma ya bar ni na gama. Sannan ya wanke hannunsa ya ce:

"Ɗana, da gidan ba kowa ne, da ban ji komai ba. Ai na ji muryarka a ciki."

Na yi ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya wuce. Na roƙe shi mu koma tare da safe, ya ce in yi gaba, zai gani.

Da safe na je na tsaya daga cikin ƙofar, a gefe, kamar sabon mai gadi. Baffa bai zo ba. Amma wasu sun zo. Wani Bafulatani da malafarsa ya yi sallama ƙasa-ƙasa, na amsa, ya saki fuska ya shigo yana tambayata ina ake hoto. Wata tsohuwa mai goro ta yi, na amsa, ta riƙe hannuna har gaban tebur. Akwai kuma waɗanda ba Musulmi ba, su ma sai su ɗan tsaya suna neman idon da za su gaisa da shi kafin su sa ƙafa. Na yi tsaye a nan har azahar, ina amsa wa baƙin mutane abin da na hana yayan mahaifina.

Kashegari muka kamo hanyar gida. Baffa ya rako ni bakin titi, ya ba ni kilishi in kai wa iyali, ya yi mini addu'a cikakkiya, ba ragi. Na so a ce ya rage. Har muka wuce Alada da Dasa ban sayi komai ba, ban kuma yabi ginin kowa ba.

Yanzu ina Paraku, zanen yana gabana. Na bar filin, na bar gilashin, amma na mayar da zaure a bakin shiga, mai inuwa da wurin zama, da kujerar mutum guda wanda aikinsa kawai ya amsa gaisuwa da harshen mai shigowa. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: rushe katanga ba ya isa, sai an samu wanda zai ce maraba. Na kuma koyi cewa ana iya samun mutumin a ciki ya yi shiru, kuma wannan babu zanen da ke gyara shi.

Jiya Inna ta kira ni. Ta ce an yi katin, takardu sun shiga kafin a rufe. Wani maƙwabcinsu direban tirela ne ya kai shi, ya riƙe masa hannu suka shiga tare. Na yi hamdala, na ce ta ba ni Baffa in yi masa murna. Na ji ta yi magana daga gefe, na ji tarinsa kusa da wayar. Sai ta dawo ta ce yana gaishe ni.