Mai Fenti da Mutumin Kan Benci

Mai Fenti ya yi rayuwarsa kaf yana ƙawata mutane. Shi ke zana allunan shaguna: kawuna masu sheƙi a ƙofar mai aski, mace mai murmushi riƙe da sabulu, yaro mai kumatu yana kurɓar madara. Duk wanda ya fito daga burushinsa haƙoransa farare ne tas, kuma ba alamar ya taɓa kwana da damuwa. Da wannan sana'a ya riƙe gidansa, ya kai 'ya'yansa makaranta. Sai injin buga manyan hotunan talla ya shigo. Aikin da yake ɓata mako a kansa, wani matashi mai danna kwamfuta ya gama shi kafin shayi ya huce. Gwangwanayen fenti suka bushe a rumfarsa, shi ma ya soma bushewa a zaune.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Akawu saboda aikin da yake yi a wani kamfanin kayan gini, shi ya kawo shawarar kwaleji. Ya ce akwai kwas da ake koyar da ba da labari cikin zane, irin littattafan nan masu hotuna gida-gida da yara ke rububi. "Baba, hannunka bai mutu ba. Ka je ka koya, ni zan ɗauki nauyi." Shi ya raka shi har ƙofar aji ranar farko. Tun daga lokacin ba wanda zai zauna da Mai Fenti bai ji labarin ɗan nan ba, har maiɗakinsa takan ce masa, "Malam, ka bar wa mutane kunnuwansu."

A aji, sa'o'in jikokinsa ne kusan duka. Suna ce masa Baba, suna aron fensirinsa ba sa maidowa. A zane kam ba mai kama ƙafarsa, ya kuma san da haka, har yana ɗan hura hanci. Malamar da ke koyar da gina labari ce ta sauke masa wannan girman kai. Mace ce siririya mai ƙaramar murya, ba ta faɗa, amma idan ta ɗaga takardarka ta yi shiru, gara ta zage ka.

Ta ɗaga tasa. Wani jarumi ne ya zana, mai faɗin ƙirji, yana ceton yara daga gobara yana murmushi.

"Baba, wannan me yake so?"

"Alheri yake so."

"Me yake tsoro?"

"Ba ya tsoron komai."

"To me yake ɓoyewa?"

Mai Fenti ya ce ai mutumin kirki ba ya ɓoye-ɓoye. Malama ta ajiye takardar a hankali. "Baba, wannan ba mutum ba ne, talla ce. Wuta na cin gida yana nuna mana haƙora. Ni ban damu ba ko ya ƙone, mai karatu ma ba zai damu ba."

Aji ya fashe da dariya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya yi niyyar ba zai dawo ba. Ya tuna ɗawainiyar da Akawu ke yi, ya haɗiye.

Malama ta ba su aiki. Kowa ya fita ya sami mutumin da bai sani ba, ya zauna nesa ya yi ta kallonsa, ya zana abin da hannunsa da ƙafarsa ke yi idan yana zaton ba mai ganinsa. Ta hana su rubuta magana ko ɗaya a bakinsa. Ta ce baki yana ƙarya, hannu bai iya ba.

Mai Fenti ya zaɓi wani ɗan lambu da ke bayan tashar mota, can nesa da unguwarsu, don kada wani da ya san shi ya gan shi yana leƙen mutane da furfurarsa. Ya zauna bayan rumfar mai gyaran waya ya buɗe takarda. A kan wani benci akwai mutum da farar riga mai guga, jaka a kan cinya, ya ba shi baya. Mai Fenti ya soma zana kafaɗun. Mutumin ya juyo don ya kori ƙuda, sai ga Akawu.

Da farko Mai Fenti ya ce a ransa wani ɗan nasa yake jira. Rana ta take, Akawu na nan. La'asar ta yi, yana nan. Da yamma ya shigo gida yana miƙa, yana cewa yau aiki ya yi musu yawa, uwarsa tana yi masa sannu tana tura masa kwano. Washegari Mai Fenti ya koma, ya same shi a kan bencin. A nan ya gane an sallami ɗansa daga aiki, kuma ba jiya ba.

Zuciyarsa ta ce ya tashi ya dafa shi. Ƙafarsa ta ƙi. Me zai ce masa? Yaron da ya yi ta wannan wahala don kada a sani, a zo a tsaya a kansa a ce an sani? Ya ce bari ya ba shi lokaci, wataƙila ya faɗa da kansa. Wannan dalili ne mai kyau, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da ba ya son dubawa: hannunsa ya kama aiki, bai taɓa jin zane na zuba daga yatsunsa haka ba. Ya zana yadda mutumin ke ciro ƙyalle ya goge takalmin da ba inda ya taka. Ya zana yadda yake gyara zama ya kara waya a kunne idan wani ya wuce, alhali wayar ba ta yi ƙara ba. Ya zana yadda yake raba burodi biyu, ya ci rabi, ya nannaɗe rabi. Don rufin asiri ya canza fuskar, ya sa masa sanƙo da gemu, ya ƙara masa shekaru.

Malama ta daɗe a kan takardun. Sannan ta manna su a allo ta tara aji. "Ku duba. Ba kalma ko ɗaya, amma wa zai gaya mini abin da mutumin nan ke ɓoyewa?" Hannuwa suka tashi. Wata ɗaliba har da share ido. Mai Fenti ya ji daɗi, ya kuma ji kunyar daɗin da ya ji.

"Saura ƙarshe, Baba," in ji Malama. "Ka gina mutum, yanzu ka matse shi. A bar shi a kan benci har abada ba labari ba ne. Dole wani ya gan shi."

"Malama, a bar shi haka mana. Ai ya sha wuya."

"Kana tausayinsa, shi ya sa ya yi kyau. Amma ka kawo mini ƙarshe."

Ya yi kwanaki yana zana gidan ƙarshe yana gogewa, har takardar ta huje. A gida ya daina surutu. Idan Akawu ya gaishe shi da safe, jaka a hannu, sai ya amsa yana kallon ƙasa.

Wata yamma ya dawo ya tarar da maiɗakinsa zaune a bakin gado, takardun a baje a gabanta. Shara take yi jakarsa ta makaranta ta faɗo. Ya yi saurin cewa aikin makaranta ne, wani bawan Allah ne a tasha.

"Wani bawan Allah," ta maimaita. Ta ɗora yatsa a kan hoton. "Malam, ni zan ga yadda yaron nan ke naɗe ƙyalle a yatsa biyu in kasa gane shi? Ka sa masa gemu, ka sa masa ƙaho ma in ka so. Me yake yi a kan benci da rana tsaka?"

A daidai lokacin aka yi sallama. Akawu ya shigo da miƙar nan tasa, ya buɗe baki zai ce aiki ya yi yawa, ya ga fuskar uwarsa, ya ga takardun. Ya ajiye jakar. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a tsanake. Uwar tana kuka ƙasa-ƙasa tana cewa don me bai faɗa ba, ai ba a kansa aka fara ba. Shi ko kallonta bai yi ba. Ya tsaya a kan hoton burodin ya daɗe.

"Baba, wannan ranar ruwa aka yi. Ga shi ka zana lemar mai gyaran waya." Ya ɗauko wata. "Wannan kuma wata rana ce daban, rigar ba ɗaya ba ce."

"Na so in ba ka lokaci ne, ɗana."

Akawu ya jera takardun, ya daidaita gefensu, ya miƙa wa ubansa da hannu biyu.

"Sun yi kyau, Baba. Wallahi sun yi kyau. Kullum ina zaune a wurin nan ina roƙon Allah Ya turo mini ko mutum ɗaya da zan gaya wa. Ashe kana bayana kana fiƙe fensir."