Ranar da Awakin Goggo Suka Yi Tangaɗi

Goggon Awaki ba ta da gona ko taku ɗaya, amma duk unguwa babu awakin da suka kai nata sheƙi. Da abin da wasu suka zubar take kiwo. Da an gama girbi sai ta tura baro ta bi gonaki tana kwasar harawa, ta biya wurin mai injin niƙa ta share dusa. Mijinta tela, sarkin tsokana, yakan ce da akuya aka yi shi, da ya fi haka ƙiba a gidan nan.

A garken akwai Ƙyalla, jikar akuyar da mahaifiyar Goggo ta bar mata. Ita kaɗai ta rage a zuriyar, ga tsohon ciki, Goggo kuwa ji take da ita kamar 'yar cikinta.

Wata shekara ƙaninta direba ya fara kawo mata dusar da kamfanin giya ke zubarwa bayan an tace hatsi. A jiƙe take zuwa, awaki kuwa har rububinta suke yi. Rannan ya kawo da yawa, sai ta ɗaure bakin buhunan kamar yadda take yi wa busasshiyar dusa, ta jingine su a rana. Bayan 'yan kwanaki ta kwance ta zuba musu, ko shinshinawa ba ta yi ba, ashe dusar ta yi tsami ta zama kamar giya.

Kafin la'asar awaki suka fara tangaɗi. Bunsuru ya nufi turmi zai tunkuya, ya kuskure, ya zauna daɓas. Tela ya yi dariya har da hawaye. Amma Ƙyalla tana kwance, cikinta ya kumbura kamar ganga, numfashi da ƙyar. Goggo ta ruga wurinta.

"Malam, bar dariyar nan, miƙo mini man girki."

Ta ɗura wa Ƙyalla man. Tela ya tashe ta tsaye, ya dinga zagaya tsakar gida da ita, Goggo na biye tana murza mata ciki tana lallashi. Can Ƙyalla ta saki wata irin gyatsa da ta sa kaji watsewa.

"To, Hajiya ta sauke," in ji tela.

Tun ranar sai Goggo ta shanya dusar ta bushe ƙarau kafin ta zuba. Da Ƙyalla ta haihu kuwa, tagwaye ta zubo, duka mata. Goggo ta durƙusa tana goge su da tsumma, daɗi ya cika ta.

"Malam, zo ka gani. Awakin Inna ba su ƙare a hannuna ba."