Mai Kyamis, a Ɗakinka Ka Cika

Allah da Ya ba mu aron ka Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuli, bayan azahar, Mai Kyamis na bakin shataletale ya rasu a gidansa, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Da gangan na ambaci inda ya rasu, kuma da kunya nake ambata.

Yaya, kai ka tara mu muka kafa kwamitin roƙon gwamnatin tarayya ta ba da kuɗi a sake fasalin mahaɗar nan tamu, inda manyan hanyoyi suke cin karo, tirela ta gitta wa tanka, mai ƙaramar mota ya kashe inji ya zauna jiran ikon Allah. Ni ka ba magatakarda, wai tunda bakina ba ya hutawa, gara a haɗa ni da biro. Ranar da injiniya ya shimfiɗa zanen gadar sama a kan kantarka, kowa ya ga ƙafar gadar a kan shagonka za ta sauka. Ka gyara zaman tabarau ka ce, "To, gara nawa da na wani. Na gaji da wanke jinin mutane a ƙofar nan."

Ba zan manta zuwan jami'an tarayya na farko ba. 'Yan rakiya suka share musu hanya da jiniya, suka wuce sumul, suka ce su ba su ga cunkoso ba. Ka bi su har masauki, ka lallaɓi babbansu ya shiga tsohuwar motarka wadda gilashinta ba ya sauka, ka kai shi tsakiyar shataletalen da la'asar. Ya fito sharkaf da gumi, kana ba shi haƙuri kana danne dariya. Daga ranar takardarmu ta fara motsi.

Ga abin da ya sa nake sunkuyar da kai. Muna zaman makokinka labari ya zo cewa jami'an za su dawo, kuma a wannan zuwan za a yanke ko aikinmu ya shiga kasafin bana ko a kai shi wani gari. Mataimakinka, wanda ya gaji kujerar, ya ja mu gefe ya ce dama ta samu: a ce a cikin motar asibiti ka cika, cunkoso ya tare ku a mahaɗar. Wa zai ji haka ya ƙi sa hannu? Wallahi ba wanda ya ce a'a a cikinmu. Muka shiga wajen maiɗakinka da manyan rigunanmu, muka yi gaisuwa, sannan muka kawo maganar a nannaɗe. Hajiya ta saurare mu har ƙarshe, ta ce, "Hannunsa yana cikin nawa ya tafi, a ɗakin can. Shi ma ɗin za ku ƙwace mini ku kai titi?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na gane takalmina a bakin ƙofa.

Sai dai maganar ta riga ta fita, har a bakin direbobi na ji ta a tasha. Shi ya sa na rubuta wannan inda kowa zai gani, har jami'an. Sabon shugabanmu ya ce in na yi haka na rushe gadar tun ba a gina ta ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne, kuma duk wanda mota ta taka a wurin nan gaba, zan ji nauyinsa a wuyana. Amma mutumin da ya yarda a rushe shagonsa bai cancanci mu yi ciniki da gawarsa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Allah Ya ba 'ya'yanka da 'yan'uwanka haƙurin rashi, Ya raya abin da ka bari. Hajiya, ta'aziyyata gare ki, kuma ki yafe mana. A rubuce na roƙa, domin har yau ba ni da fuskar da zan sake shigowa gidan nan da ita.